Keken Fasinja a Tsakiyar Birni: A Ba Shi Gurbi, a Sa Masa Doka

  

Masu sauraro, yau zancenmu na titi ne. Za mu yi magana a kan keken da ke ɗaukar fasinja, wanda ba shi da inji. Taya uku gare shi. Matuƙi yana kan sirdi yana taka feda. Fasinja biyu ko uku suna zaune a ƙarƙashin 'yar rumfa. Duk mai kallon finafinan Indiya ya san shi. A can riksha suke ce masa. Akwai shi a Bangaladesh, da Indonesiya, har da Landan da New York.

Tambayar da za mu bi a yau ita ce: ina gurbin wannan keke a tsakiyar birni mai cunkoso? A kore shi? A ƙyale shi? Ko a tsara shi?

Shirin namu kashi biyar ne. Na farko, abin da ya sa ake rigima a kansa. Na biyu, Landan, inda aka ƙyale shi ba doka. Na uku, Jakarta da Delhi, inda aka matsa masa. Na huɗu, tambayoyi huɗu da kowace doka mai kyau ke amsawa. Na biyar, mu dawo gida. Ku gyara zama.

KASHI NA FARKO

Mu fara da alherinsa, don yana da shi. Wannan keke ba ya shan mai. Ba ya fitar da hayaƙi. Yana kutsawa lungun da mota ba ta isa ta sa kai ba. Tsohuwa da ta gama cefane, mai juna biyu, dattijo mai ciwon gwiwa, duk yana kai su har ƙofar gida. Kuma sana'a ce da talaka ke shiga ba da wani babban jari ba. Ƙafarsa ce jarinsa.

To ina matsalar? Matsala biyu ce. Ku riƙe su: gudu da tsayawa.

Ta farko, gudu. Titi yana tafiya sumul ne idan abin hawan da ke kai na gudu kusan ɗaya. Mutumin da ke jan mutum uku da ƙafarsa ba zai yi gudun mota ba. Idan ya hau babban titi, bas mai ɗauke da mutum 60 na bayansa, dole bas ɗin ya bi sahunsa. Mutum 60 sun koma tafiyar mutum uku.

Ta biyu, tsayawa. Mai keke yana neman fasinja ne inda jama'a suke: bakin kasuwa, bakin tasha, mahaɗar hanya. Nan ne kuma titi ya fi ƙunci. Keke ɗaya ya tsaya, ba komai. Goma suka jeru, hannu ɗaya na titi ya tafi. Motocin da ke zuwa a layi biyu sai su matsu a layi ɗaya, kamar ana ɗura gero ta mazurari. Gosulo ke nan.

Gudu da tsayawa. Duk rigimar da za ku ji a shirin nan, daga waɗannan biyun take tasowa, sai kuma rigimar kuɗi.

KASHI NA BIYU

Yanzu mu tafi Landan.

A ƙarshen shekarun 1990 wannan keke ya bayyana a tsakiyar birnin, a unguwannin da baƙi ke yawon buɗe ido: Soho, da Covent Garden, da titin Oxford, da gadar Westminster. Ku kwatanta wurin a ranku. Ƙarfe goma na dare. An tashi daga gidajen wasan kwaikwayo, jama'a sun ɓarko waje. A bakin ƙofa kekuna sun jeru, an yi musu ado da fitilu masu launi da ƙyalle mai gashi-gashi. Kowanne da lasifikarsa, kowanne da kiɗansa. Rabin keken na kan titi, rabi na kan hanyar masu tafiya a ƙasa. Bas ya taho, ba wurin wucewa. A saman benen da ke wajen kuwa, wata uwa na fama da jaririn da kiɗa ya hana barci.

Za ku ce, ina hukuma? A nan abin mamakin yake. Fiye da shekara 20, har zuwa 2024, hukumar sufuri ta Landan ba ta da ikon ba wa waɗannan kekuna lasisi, ba ta da ikon hana su. Dalili? Dokar da ke kula da motocin haya a Landan an yi ta ne a 1869, zamanin keken doki. Direbobin tasi sun kai ƙara, suna cewa wannan ma ai tasi ne, ya nemi lasisi. A 2003 babbar kotu ta ce a'a. Ta ce tun da kowane fasinja kuɗinsa daban yake biya, wannan keke bai shiga layin tasi ba a ƙarƙashin waccan doka. Babu kuma wani lasisi da aka tanadar masa. Sai ya faɗa tsakanin dokoki.

A sauran garuruwan Ingila ƙaramar hukuma na iya ɗaukarsa a matsayin tasi, ta ba shi lasisi ko ta hana. A Landan kaɗai aka bar ƙofa a buɗe.

Mene ne ya biyo baya? A lokacin kowa na iya sayen keke yau, gobe ya fara ɗaukar mutane. Ba mai duba birkinsa. Ba mai tambayar inshora, wato kuɗin da ake ajiyewa a kamfani don a biya wanda haɗari ya rutsa da shi. Ba mai tambayar ko shi wane ne. Kuɗin hawa kuwa, abin da bakinsa ya faɗa. A 2023 jaridun Birtaniya sun ba da labarin wata baƙuwa mai 'ya'ya biyu da aka caje ta fiye da fam 450 a tafiyar da ba ta kai minti goma ba.

Ku lura, masu sauraro. Ba duk masu keken ne macuta ba. Masu sana'ar na gaskiya sun daɗe suna roƙon a yi musu lasisi da kansu, don ɓata-gari sun zubar musu da mutunci. Inda babu doka, mai gaskiya ne ke fara shan wahala.

A 2024 majalisar dokokin Birtaniya ta kammala doka ta musamman a kan kekunan fasinja na Landan, Sarki ya amince da ita a watan Afrilu. Dokar ta ba hukumar sufuri ta birnin, wadda ake kira TfL, ikon ba da lasisi, da ƙayyade kuɗin hawa, da duba lafiyar keke, da binciken tarihin matuƙi, da hana hayaniya. A 2025 hukumar ta buɗe ƙofar jin ra'ayin jama'a a kan yadda za a tsara ƙa'idojin.

Darasin Landan a taƙaice: ƙyalewa ba tausayi ba ce. Fasinja ya cutu, maƙwabci ya cutu, mai keken kirki ma ya cutu.

KASHI NA UKU

Ga masu kama mu yanzu, muna magana ne a kan keken fasinja mai feda da gurbinsa a tsakiyar birni. Mun ga inda aka ƙyale shi. Yanzu mu ga inda aka matsa masa.

Jakarta, babban birnin Indonesiya. Nasu keken fasinja ne ke zama a gaba, matuƙi a baya. Hukumomin birnin sun ɗauke shi a matsayin abin da ke tare hanya, kuma alamar ci-baya. A ƙarshen shekarun 1980 aka haramta shi a birnin. Aka kwashe dubbai aka zuba a teku, aka ce su zama matattarar kifi.

Cunkoso ya ƙare? Bai ƙare ba. Jakarta ta ci gaba da zama cikin biranen da suka fi cunkoso a duniya, don motoci da babura sun yi ta ƙaruwa. Keken ma bai mutu ba. Ya koma lungunan unguwanni yana aiki a ɓoye, don matan da ke dawowa daga kasuwa suna buƙatarsa. A 2018 gwamnan birnin na lokacin, Anies Baswedan, ya nemi a bar su su yi aiki a cikin unguwanni. Bayan kusan shekara 30 aka dawo kan tambayar da aka tsallake tun farko: ina gurbinsa?

Sai Delhi, a Indiya. A can akwai lasisi, amma a da an ɗaure shi da igiya biyu. Ta farko, an ce lasisi ba zai wuce 99,000 ba, alhali kekunan da ke titi sun ninka haka sau da yawa. Ta biyu, an ce sai mai keken da kansa ne zai tuƙa abinsa. Amma yawancin matuƙan 'yan ci-rani ne daga ƙauyukan jihohi irin su Bihar da Uttar Pradesh. Haya suke ɗaukar keken, su biya kuɗin yini, ribar da ta saura su aika gida. Da shuka ta zo su koma gona. Mu a nan mun san wannan rayuwa sarai.

To kun ga abin da dokar ta yi. Ta mai da mafi yawan masu sana'ar masu laifi tun kafin su taka feda. Wanda aka kama, a ƙwace keken, wani lokaci a murƙushe shi. Mutumin da kullum yake cikin laifi kuwa, kullum hannunsa na cikin aljihu yana neman abin da zai ba da a sake shi.

Wata ƙungiya mai suna Manushi ta kai ƙara. A 2010 babbar kotun Delhi ta soke wancan ƙayyade adadi, ta soke sharaɗin mallaka, ta hana murƙushe kekuna. Cikin abin da kotun ta duba har da wannan: ba a ƙayyade yawan motocin masu hali ba, don me za a ƙayyade keken talaka shi kaɗai? A 2012 kotun ƙoli ta Indiya ta bar hukuncin a yadda yake.

Ga kuma abin da ya fi burge ni. A tsohon birnin Delhi akwai titin kasuwa da ake kira Chandni Chowk, daga tsohuwar fadar da ake kira Jar Ganuwa zuwa masallacin Fatehpuri, tsawon kilomita ɗaya da 'yan kai. An sake fasalinsa, aka buɗe a 2021. Daga ƙarfe 9 na safe zuwa 9 na dare ba a yarda abin hawa mai inji ya bi ta nan ba. Masu tafiya a ƙasa da masu keke ne ke da titin. A wannan titi keken fasinja ba ya tare wa kowa hanya, don babu wanda ya fi shi gudu sosai. Matsalar gudu ta kau, saboda an sa shi inda ya dace da shi.

KASHI NA HUƊU

Yanzu mu tattara. Doka mai kyau tana amsa tambayoyi huɗu. Wa ke tuƙi? Yaya lafiyar keken? Nawa ne kuɗin? Ina zai bi, ina zai tsaya?

Tambaya ta farko, wa ke tuƙi? A san sunansa, a san hotonsa, a ba shi lamba da ke rubuce ɓaro-ɓaro a jikin keken. Idan yarinya ta manta jaka, a san inda za a nema. Idan an yi ɓarna, a san wanda za a kira. Amma lasisin ya zama mai sauƙin samu, mai sauƙin kuɗi. Ku dubi Dhaka, babban birnin Bangaladesh. A 1986 aka daina ba da sabon lasisi, adadin ya tsaya a kusan 80,000 na tsawon shekaru. Birni ya ci gaba da girma, kekuna suka kai dubban ɗaruruwa, mafi yawansu ba takarda. Wannan kuwa birni ne da riksha ta zama abin alfaharinsa, har UNESCO ta sa ta da zanen da ake yi mata cikin al'adun duniya a 2023. Lasisin da aka rufe ƙofarsa ba ya rage keke. Masu takarda kawai yake ragewa.

Tambaya ta biyu, yaya lafiyar keken? Birki, taya, kaca, fitilar dare, da yawan mutanen da zai ɗauka. Keke mai mutum uku a gangare, birki ya tsinke, babu ƙofa, babu gilashi, babu abin da zai kare fasinja. Shi ya sa dubawa lokaci-lokaci da inshora suka zama dole. Yau kuma ana ɗaura wa da yawansu batir da ƙaramin inji. Gudu ya ƙaru, birki na nan na keke. Wannan ma abin dubawa ne.

Tambaya ta uku, nawa ne kuɗin? A san shi kafin a hau. A New York doka ta ce a rubuta kuɗin kowane minti a jikin keken, inda fasinja zai gani, a kuma auna lokacin da agogo. Duk da haka ƙorafi bai ƙare ba, don rubutu a takarda ba ya tsare titi. Sai an sami jami'in da zai duba, kuma ya duba da gaskiya.

Tambaya ta huɗu, ina zai bi, ina zai tsaya? Wannan ce ke maganin matsalolin nan biyu da muka fara da su, gudu da tsayawa. A babban titi mai gudu, ko dai a ware masa gefensa, ko a nuna masa wata hanya da za ta kai shi inda za shi. A cikin kasuwa da lunguna, a ba shi fifiko. Sannan a yi masa tasha. Tashar ta kasance kusa da inda fasinja yake, amma a ɗan janye ta daga mahaɗa. In ka kai tashar can bayan gari, ba wanda zai zauna a cikinta. Gobe da safe za ka same su a bakin kasuwa.

Mu maimaita. Wa ke tuƙi. Lafiyar keke. Kuɗin hawa. Hanya da tasha.

KASHI NA BIYAR

Mu dawo gida.

Wani zai ce, mu ai ba mu da irin wannan keke. Gaskiya ne, namu mai inji ne. Amma taya uku ne, fasinja iri ɗaya ne, rigimar ma iri ɗaya ce.

Mu ɗauki Kano. Zamanin gwamna Malam Ibrahim Shekarau aka kawo babur mai ƙafa uku don ɗaukar mata, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. A watan Janairu na 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, gwamnati ta hana acaɓa. Mutane ba su daina zuwa kasuwa ba, ba su daina zuwa asibiti ba. Adaidaita sahu ta cike gurbin, ta zama ƙafar birnin.

A watan Janairu na 2022 matuƙan suka tafi yajin aiki kan kuɗin sabunta takardar izini da hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta Kano, KAROTA, ta nema. Mutanen Kano ba su manta da waɗannan kwanaki ba. Ɗalibai da 'yan kasuwa da ma'aikata suka cika titi a ƙasa. A watan Yuli na shekarar aka hana su aiki daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe. A ƙarshen shekarar aka sanar da hana su bin wasu manyan tituna, sai kuma aka dakatar da umarnin cikin ɗan lokaci. Duk tambayoyin nan huɗu ne ake ta juyawa.

Ku je bakin Kantin Kwari bayan la'asar. Ɗan adaidaita ya hango mata uku da ƙullin atamfa, ya ja birki a tsakiyar hanya. Mai baro ya turo dila ta gefensa. Mai kura da jarkokin ruwa ya maƙale a bayansu. Mai mota na ta danna oda. Cikinsu ba wanda ya fito yawo. Kowa abinci yake nema. Titin ne ba a raba musu ba.

Saboda haka ga saƙonmu.

Ɗan'uwa mai adaidaita, mun san akwai balas a wuyanka, mai babur na jiran kuɗinsa da yamma. Amma kar ka ɗauki fasinja a kan mahaɗa ko a bakin shataletale. Ka ɗan gusa gaba, ka raɓe. Ka bar lambarka a fili. Ka duba birkinka tun da safe. Kar ka cusa mutum a gefenka don ƙarin kuɗin mutum ɗaya.

Hajiya, Malam, masu hawa, ku ma da naku. Ku yi ciniki kafin ku hau. Ku dubi lambar. Kar ku tsai da shi a tsakiyar titi don ƙyashin taku goma. Sau da yawa hannun fasinja ne ke haddasa gosulo.

Alhaji mai mota, ka tuna motarka ta fi adaidaita cin wuri, kuma sau da yawa kai kaɗai ne a ciki. In ka ajiye ta a bakin kasuwa ka shiga ciniki, kai ma ka tare hannu ɗaya na titi.

Hukumomi kuma, kafin a hana wata hanya, a tanadi abin da jama'a za su hau. Kafin a sa sabon kuɗi, a zauna da shugabannin masu sana'ar. A rubuta kuɗin a fili, a ba da rasit. A zana tasha inda za ta yi amfani. Dokar da talaka zai iya cikawa ita ce dokar da za ta zauna.

Masu sauraro, Landan ta ƙyale, ta ga illar ƙyalewa. Jakarta ta kora, cunkoso bai tafi ba. Delhi ta ƙuntata, kotu ta warware, kuma a titin da aka ba keken gurbinsa ya yi aiki lafiya. A ba shi gurbi, a sa masa doka, dokar kuma ta hau kan kowa daidai.

Ku tattauna wannan a majalisarku da tasharku. Ku tambayi kansilan unguwarku inda aka ware wa masu ɗaukar fasinja su tsaya. In babu, ku nemi a ware.

A nan za mu dasa aya. Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya.